Lambobin Yaƙin Burma na kakana da kasuwar da ban san tana ci ba

Tun ina yaro akwai wata tsohuwar adaka a ɗakin kakarmu, can ƙasanta cikin wani ƙyalle akwai lambobin yabo guda uku na marigayi kakanmu da takardarsa ta sallama daga soja, duk ta yi ja ta fara kakkaryewa a wajen ninki. Ɗaya tauraro ce ta tagulla mai tsini shida, zarenta ja a tsakiya, gefe-gefe shuɗi da ruwan lemo, an rubuta The Burma Star a jiki. Bara wani dillali ya zo unguwarmu yana tambayar tsofaffin kuɗi da lambobin soja, ya taya su dubu goma sha biyar, wallahi saura kaɗan ƙanin babana ya sallama. Abin da ya sa na shiga intanet na fara bincike kenan, kuma abin da na gani ya girgiza ni.

Ashe kasuwa ce guda babba a Ingila da Faransa da Amurka, ta masu tara kayan soja na da, lambobi, kaki, hular kwano, takubba, banati, har wasiƙun da soja ya aiko gida. Kuma farashi sai sama yake. Ɗauki Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a Birtaniya wadda aka kafa a 1856, sau 1,358 kacal aka taɓa bayar da ita. A 1986 attajirin nan Lord Ashcroft ya sayi ta farko a wajensa kan fam 29,000, yau yana da sama da 200. A 2009 ya biya kusan fam miliyan ɗaya da rabi kan lambobin likitan soja Noel Chavasse wanda ya samu lambar har sau biyu. A 2022 gidan gwanjo na Noonans da ke Landan ya sayar da ta Thomas Kavanagh, ta yaƙin Lucknow a Indiya na 1857, kan fam 930,000 har da la'ada. Faransawa kuma su Napoleon ne nasu, a Nuwamban 2023 an yi gwanjon hularsa guda ɗaya a garin Fontainebleau kan yuro miliyan 1.9 da ɗoriya. Amurka dai doka ta hana cinikin Medal of Honor, lambar jarumta mafi girma ta sojanta, kwata-kwata, kuma ni ina ganin sun yi daidai.

To da na ga waɗannan kuɗaɗe sai zuciyata ta buga, na ce shi kenan ta kakanmu ma dukiya ce. Ina! Burma Star ɗin da ba a san mai ita ba arha take, don an buga su da yawa sosai, kuma Birtaniya ba ta rubuta sunan soja a jikin taurarin Yaƙin Duniya na Biyu ba, saɓanin na Yaƙin Farko da ake buga suna da lamba da runduna a jiki. A nan na gane yadda kasuwar take tafiya, ba ƙarfen ake saya ba, sunan mutum da labarinsa ake saya, wane ne shi, a ina ya yi yaƙi, me ya yi a ranar, akwai hotonsa, akwai takarda. Lamba ɗaya tilo ba komai, amma lambobin mutum ɗaya a haɗe da takardar sallamarsa da hoto, wannan kuɗi ne, shi ya sa dillalin nan ya dage sai an haɗa masa da takardar.

Kuma abin ya shafe mu fiye da yadda muke zato. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma su suka yi faɗa da Japanawa a Arakan da kwarin Kaladan na ƙasar Burma a 1944 zuwa 1945, 'yan Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, Hausa ma ita ce yaren bariki a wajen da yawa daga cikinsu. Akwai kuma wata lamba Africa General Service Medal, ana maƙala mata ɗan ƙarfe mai rubutun N. Nigeria 1903, wato shekarar da Turawa suka ci Kano da Sakkwato suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, ko N. Nigeria 1906, shekarar tawayen Satiru kusa da Sakkwato. Wani laftanan Wallace Wright ma a faɗan Kwatarkwashi na 1903 ya samu Victoria Cross ɗinsa. Ka ga kenan tarihinmu ne, mai ɗaci ma kuwa, ake ciniki da shi a gidajen gwanjo na Landan mu ba mu da labari.

Ina abin zai dosa? Ni a ganina farashin kaya masu cikakken tarihi zai ci gaba da hawa, don mazan jiya na yaƙin 1939 zuwa 1945 sun kusa ƙarewa, abin da suka bari ba ya ƙaruwa, gwanjo kuma ya koma waya, mai saye daga Koriya zai taya da na Kanada lokaci guda. Kayan da babu labari a bayansu kuwa za su tsaya cik ko su faɗi, musamman da jabu ya cika kasuwa, kayan sojan Jamus na zamanin Hitler su suka fi shan jabu, ga kuma dokoki a Jamus da wasu ƙasashe kan nuna alamomin Nazi da ke jikinsu. Sannan hankali ya fara komawa kan sojojin Afirka da Indiya, tun 2021 da hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth ta amsa cewa dubban baƙaƙen sojoji da 'yan Asiya ba a rubuta sunayensu kamar na Turawa ba. Duk lambar da ke ɗauke da sunan Bahaushe da lambar rundunarsa, nan gaba masu nema za su yi yawa, dillalan da ke yawo ƙauyuka sun riga mu sanin haka.

Mu dai a gidanmu mun yanke ba za mu sayar ba. Na ɗauki hoton lambobin gaba da baya, takardar na sa ta a leda mai kauri ba tare da ninki ba, an kuma hana kowa goge su da toka ko lemon tsami don yana cinye rubutun. Ranar Juma'a mai zuwa zan je wajen gwaggona, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ji labarin jirgin ruwa zuwa Bombay ta Indiya daga bakin kakanmu, zan kunna waya in naɗi duk abin da ta tuna.