Mun dawo gida, ga godiyata

Alhamdulillahi, jiya da daddare muka sauka Kano. Auta yana barci a ɗakinsa, ɗinkin ƙirjinsa ya kame. Ni kam har yanzu jikina bai dawo daidai ba, amma ba zan iya runtsawa ba sai na sauke wannan nauyi.

Duk kun bi yadda aka yi masa aiki a ƙirji a birnin Chennai na ƙasar Indiya, ba sai na maimaita ba. Abin da ban faɗa muku ba shi ne kwana huɗun da ya yi a ɗakin kulawa ta musamman sun zo daidai da Pongal, bikin girbin Tamilawa, mutanen wannan yankin. Asubahin farko na buɗe taga na ga hayaƙi ya turnuƙe Chennai. Gabana ya faɗi, na zaci gobara ce ta wajen asibiti, na fito ko takalmi babu. Tsohuwar da muke haya a gidanta, wadda kowa ke ce wa Pati, wato Kaka, ita ta riƙo hannuna a bakin ƙofa. Jikarta ta fassara min cewa ranar Bogi ce, tsofaffin tabarmi da tsummoki ake ƙonawa kafin sabon wata ya kama.

Washegari, 14 ga Janairu, watansu na Tai ya kama. Na dawo daga kwanan asibiti na tarar an yi wa ƙofar gida zane da garin shinkafa, an jingina rake, an ɗora sabuwar tukunyar ƙasa a murhu a tsakar gida, an ɗaure wuyanta da kurkum mai ganye. Madara da sabuwar shinkafa ne a ciki. Da ta tafasa ta yi ambaliya, gidan ya kaure da "Pongalo Pongal!", don zubowar alamar yalwa ce a wurinsu. Na raɓe na shige ɗaki ina kuka.

Can sai ga sallama da hannu a ƙofa. Pati ce, da ganyen ayaba, a kai shinkafa mai mazarƙwaila da man shanu da yazawa. Kafin in buɗe baki jikar ta ce kada in damu, wannan ba daga tukunyar da aka miƙa wa rana ba ce. Pati ta san addinina, tun da sassafe ta dafa min tawa daban a kicin. Kwana biyu rabona da abinci. Ta zauna a ƙasa har na cinye, sannan ta faɗi karin maganarsu, cewa idan Tai ya kama hanya takan buɗe. Allah da ikonsa, da yammacin nan aka cire wa Auta na'urar numfashi.

Rana ta uku ta shanu ce, na hango su daga cikin Keke an yi wa ƙahoninsu fenti. Ta huɗu kuwa ta zumunci ce, ana ziyarar dangi, ana tururuwa bakin tekun Marina. 'Ya'yan Pati kaf sun shigo sun gaishe ni. Ranar na yi ta duba wayata, akwai waɗanda muka sha nono ɗaya da ko saƙo ban gani ba. Na bar wa Allah.

Kawu, na san ka hana in ambace ka, amma gonar da ka sayar ba za ta ɓoyu ba. Allah ya musanya maka da gidan Aljanna. Yaya Babba da ta riƙe min yara, Allah ya jiƙan mahaifanmu, ya raya miki naki. Ɗalibanmu na can da suka yi ta zirga-zirga, Allah ya ba ku sa'ar karatu. Ma'aikaciyar jinyar da ta fasa tafiya ƙauyensu biki ta kwana a kan ɗana, da Pati, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara lafiya, ya sa ku ga irin alherin da na gani a kan 'ya'yanku.

Masu son zuwa dubiya, don Allah a ɗan jinkirta mako biyu, likita ya hana cunkoso a kansa.