Mayar da reshe cikin uwar fayil: abin da bututan ruwa suka koya mini

Mu huɗu ne muke aiki a kan samfurin bututan ruwa na wasu unguwannin Sakkwato, a manhajar EPANET, wadda hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar kyauta tun 1993. Ana zana tanki da injin tura ruwa da bututai da mahaɗansu, kowane bututu da tsawonsa da faɗinsa, kowace mahaɗa da yawan ruwan da ake ja a wurin, sai manhajar ta lissafa ƙarfin ruwa a ko'ina. Da yake ba zai yiwu mu huɗu mu danne fayil ɗaya lokaci guda ba, kowa yakan yanki reshensa, wato kwafin da zai yi aiki a kai, daga uwar fayil ta hanyar Git, manhajar da ke bin sawun gyare-gyaren fayil, ya yi gyaransa, in ya gama a mayar da reshen cikin uwa. Yankar reshe ba ta cin minti guda. Mayarwar ce take cin yini.

Abu na farko da muka gane shi ne Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 domin masu rubuta manhaja, layukan rubutu kawai yake dubawa. Yakan ɗauki kwafi uku, da naka da na abokinka da asalin da kuka rabu daga gare shi, ya ga wa ya taɓa wane layi. Shi ya sa muka daina ajiye aiki a fayil mai ƙarshen .net, wanda ba ya karantuwa, muka koma .inp, wanda rubutu ne zalla.

In mutum biyu suka taɓa layi ɗaya, Git ya tsaya ya ce akwai saɓani, ku zo ku raba gardama. Masu koyo suna tsoron wannan, alhali shi ne mai sauƙi, tunda an nuna maka inda ciwon yake. Wanda ya fi damunmu shi ne na lambobi. EPANET da kanta take ba sabon bututu lamba ta gaba, don haka mai aikin Mabera da mai aikin Arkilla kowa ya ƙara bututu, kowa ya samu lamba iri ɗaya. Duk suka faɗa ƙarshen sashen bututai na fayil ɗin, in ka ce a ajiye duka biyun, manhajar ta ƙi karɓa. Maganin bai da wuya: kowa ya sa harufan unguwarsa a gaban lamba, MB ga Mabera, AR ga Arkilla. Tun daga nan ba mu sake jin wannan rigima ba.

Haɗarin gaske yana inda Git bai ce uffan ba. Wani ya goge mahaɗa saboda ya je ya gani da idonsa babu ita a ƙasa, wani kuma a reshensa ya ja sabon bututu zuwa mahaɗar nan. Layuka daban, sassa daban, haɗewa ta tafi lafiya lau. Sai an zo lissafi EPANET ta jefo kuskure mai lamba 203, wato bututu yana nuni ga mahaɗar da babu ita. Wannan ma da dama-dama, ko ba komai ta yi magana.

Ga wanda ba ya magana sam. Wata yarinya mai hidimar ƙasa da ke tare da mu ta gyara faɗin wani babban bututu daga milimita 150 zuwa 100, domin abin da ma'aikata suka tarar ke nan da suka tona. Gyaranta daidai ne, ta gwada a reshenta, ruwa yana kaiwa. A makon kuma abokin aikinmu ya ninka yawan ruwan da ake ja a gidajen da ke ƙarshen bututun, saboda sabbin gine-gine da kuma zafin watan Afrilu, wanda duk ɗan Sakkwato ya san yadda yake shanye tanki. Shi ma ya gwada, lafiya. To a lissafin Hazen-Williams, wanda ake auna asarar ƙarfin ruwa a cikin bututu da shi, rage faɗi daga 150 zuwa 100 yana ninka asarar ƙarfin ruwa wajen sau 7, ninka yawan ruwa sau biyu kuma yana ninka ta wajen sau 3.6. Haɗa su biyun, an doshi sau 26. Uwar fayil ta karɓi gyaran duka ba tare da ko tari ba, amma da aka yi lissafi, ƙarfin ruwa a ƙarshen layin ya faɗi ƙasa da sifili. Babban injiniyanmu ya daɗe yana kallon jerin lambobin, sannan ya ce, "'Yata, aikinki daidai ne, nashi ma daidai ne. Wanga bututu ne bai iya ɗaukar ku biyu." Git kamar magatakarda ne da ya iya kwafe wasiƙa harafi da harafi amma bai jin yaren da aka rubuta ta.

Akwai kuma layi guda da nake dubawa kafin komai, na ma'auni. In wani ya sauya shi daga lita zuwa galan, EPANET za ta ɗauki tsawo a matsayin ƙafa, faɗi kuma inci, ba tare da ta canza lambobin ba. Bututu mai milimita 100 ya zama mai inci 100.

Yanzu tsarinmu ya sauya. Mai reshe shi ke fara jawo abin da ya shiga uwa zuwa reshensa, ya yi lissafi a can, ya kwatanta ƙarfin ruwa a wasu mahaɗai da muka ware da abin da suke nunawa kafin haɗewa. In lambobin sun yi tsalle, sai ya nemi wanda ya taɓa yankin su zauna. Masu aikin taswira a manhajar ArcGIS ma haka suke bi, a fara sasantawa sannan a tura. Ba ma barin reshe ya wuce mako, kuma duk wanda zai taɓa babban bututun da ke ciyar da unguwa fiye da ɗaya sai ya sanar a zaurenmu na WhatsApp tun kafin ya fara.