Ranar da na ga cikin tagulla da idona

Ni sana'ata zubi ce, ina da ɗan wurin aiki a Sabon Gari nan Zariya da yara huɗu, bushin na tagulla muke zubawa, wato zoben da shaf, sandar inji, ke juyawa a ciki, na injin niƙa da na famfon ban ruwa. Jan ƙarfe kashi 90, kuza kashi 10, sai ɗan dalma in bushin ne don ya yi santsi a jikin shaf. Haka na gada wajen maigidana Allah ya jiƙansa.

To kwanaki wani yaron unguwarmu da ke karatun ƙarafa a ABU Samaru ya shigo min da wani ɗan guntun tagulla kamar yatsa, yace Baba wannan fa ba zubi bane, inji ne ya buga shi. Wai garin tagulla ake shimfiɗawa siriri bai kai kaurin gashin kai ba, lesa, wato wani siririn haske mai tsananin ƙarfi, ta bi ta narkar da inda ake so, a sake shimfiɗa wani a kai, haka haka har abu ya tashi. Na sa zarto na goga, wallahi ya fi nawa tauri, hannuna ya faɗa min tun kafin yaron ya buɗe baki.

Abin da ya tsaya min a rai hotunan da ya nuna min a waya ne, na ƙarfen zubi irin nawa da nasu na inji, bayan an goge ƙarfen an sa masa asid an leƙa da madubin ƙara girma. Nawa ƙwayoyinsa manya manya da rassa kamar bishiya, ga ƴan ramukan iska jefi jefi, nasu kuwa ƙanana cunkus, ga sawun lesar nan kamar ɓawon kifi. Dalili kawai saurin hucewa, nasu nan take yake daskarewa, nawa kuma yana kwance cikin yashi yana hucewa a hankali ƙwayoyin suna ta girma. Amma yace jan ƙarfe na ba lesar wahala don yana mayar da haske kuma yana janye zafi, in saiti ya kuskure nasu ma ramuka yake yi.

Injin nan ba na irinmu bane, ga tsada ga gas ɗin argon da ke kare ƙarfen daga iska ga wutar da ba a ɗaukewa. Amma ramukan nan nawa sun hana ni barci gaskiya, don bushin mutane ne. Yanzu ƙananan bushin a mazubin ƙarfe nake zuba su maimakon yashi don su huce da wuri, kuma yara sun san doka, ba a jefa tarkace mai danshi ko maiƙo cikin tukunya, don suna kawo ramukan iska.