Damuwar da Ake Kwana da Ita

Duk wanda ya daɗe yana hulɗa da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a harabar Samaru ko Kongo ya san makonni biyun da ke gaban jarrabawa. Ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a cike, masu shayi sai dare ya raba suke tashi. Ga yaro da jan ido, littafi a buɗe, shafi ɗaya tun bayan Isha'i. Hankalinsa na kan kuɗin haya, da kwas ɗin da ya faɗi bara, da wayar da Baba zai bugo. Haka ma'aikaci yake a ƙarshen wata, haka ɗan kasuwar Sabon Gari da ake bin bashi.

Babban darasin shi ne damuwa ba ta jin "bari". Ka ce wa mutum ya cire abu a ransa, ka ƙara tuna masa ne. Abin da ke aiki a ba ta lokacinta da takardarta. Ware minti 15 kullum, misali bayan La'asar, a zaune, ba a kan gado ba. Ja layi a tsakiyar takarda. Hagu, abin da ke hannunka. Dama, abin da ba ya hannunka: yajin aiki, tsadar masara, ɗauke wuta. Gaban kowane abu na hagu sai ka rubuta mataki ɗaya tak da lokacinsa: "gobe ƙarfe 10 zan ga malamin kwas." Idan tunanin ya faɗo maka da rana, rubuta kalma ɗaya ka ajiye shi sai La'asar.

A nan mutane ke kuskure. Wani ya rubuta "in gyara karatuna", wanda buri ne, ba shi da wajen kamawa, don haka zai dawo masa da daddare. Wani ya bar minti 15 ta zama awa guda, ya koma saƙa da warwara a rubuce. Wani kuma ya bari sai ya kwanta, ya kai abin da yake gudu kan matashinsa. Ɓangaren dama na takardar kuwa, wurin addu'a ne da tawakkali. Annabi (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Da yawa cikinmu muna sakin raƙumin, muna kwana muna lissafin abin da ba namu ba.

Jiki ma yana da nasa rabo. Idan ƙirji ya fara dukan uku-uku, ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida, har minti biyar. Fitarwar mai tsawo ce ke rage bugun zuciya. Masu zuƙar iska da ƙarfi da sauri jiri suke jawo wa kansu, sai tsoro ya ƙaru.

Sai goro, shayi da Nescafé. Sinadarin kafin da ke cikinsu yana ɗaukar kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jini. Kofin ƙarfe 6 na yamma, rabinsa na nan ƙarfe 11 na dare, alhali baligi na bukatar barcin aƙalla awa bakwai. A tsaya da su daga Azahar. In ka kwanta kusan minti 20 barci ya ƙi, tashi ka zauna a wuri mai ƙarancin haske, ban da waya, sai ka ji gyangyaɗi ka koma. Tafiyar ƙasa ta minti 30 sau biyar a mako tana taimakawa ƙwarai.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne masu zuwa kemis neman maganin barci ko tiramol ba da izinin likita ba. Sauƙin na kwana biyu ne, sannan jiki ya saba ya nemi ƙari. Saboda irin wannan ɓarna aka hana maganin tari mai kodin a Najeriya a 2018.

Idan an yi mako biyu ba barci, ba cin abinci, abin da ke faranta rai ya daina, lamarin ya wuce takarda, a ga likita. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Wanda kuma ya fara zancen gara ya mutu, kada a jira mako biyu, kada a bar shi shi kaɗai, a raka shi a ranar.