Kilo 7 cikin wata 8

Bayan haihuwar autata nauyina ya kai kilo 92, ko bene na hau sai haki. Na sha shayin rage ƙiba, na gwada ƙin cin abinci, ba na wuce kwana huɗu sai in sare. Ga yara uku, ga aiki.

Maƙwabciyata ce ta tallafe ni, Allah ya saka mata da alheri. Bayan sallar Asuba sai ta ƙwanƙwasa ƙofa: "Yaya, fito mu taka." Minti 30, kwana biyar a mako, daidai minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba manya shawara. Maigida ke dama wa yara koko kafin mu dawo. Tuwo malmala ɗaya, miya da yawa, lemon kwalba kuwa na yafe shi.

Jiya na hau sikeli, 85. Yanzu in ta makara, ni ke ƙwanƙwasa mata.