Agogon Aro da Sauran Hotunan Gidanmu

Agogon da ke hannun Baba a hoton da duk gidanmu aka fi so ba nasa ba ne, na mai hoto ne. Haka ma rediyon da ya dafa da furen roba da ke gefensa. Wando mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudu kaɗai ne nasa, shi ma takalmin Gwaggo ta ce ba ta yarda ba. Mun tashi muna kallon hoton nan a bangon falo muna cewa lallai Baba ya yi tashe a zamaninsa, ashe a lokacin su huɗu ke kwana a ɗaki ɗaya a unguwar Kakuri ta Kaduna, yana aikin dare a masaƙa.

Gwaggo ce ta fasa ƙwan, ranar da muka buɗe adakar da Baba ya bari, Allah ya jiƙansa. Ta ce a wancan lokacin mai hoto a Sabon Garin Zariya yana ajiye komai a shagonsa: kwat, tabarau, agogo, har da wayar tarho wadda ba a jona ta da komai ba. Ka shiga, ka zaɓi irin mutumin da kake so a ɗauke ka, ka tsaya gaban labulen da aka zana wa bene, a ce kada ka motsa. Bayan kwana biyu ka dawo ka karɓa, ka aika gida a san ɗansu yana cin gaba a birni. Ni dai ban ga laifinsu ba. Mu da muke jingina da motar mutane muna ɗauka da waya, ina muka samu bakin magana?

Adakar ta sha wuya. Gara ta ci gefen albam guda, laimar damina ta manne wasu hotunan fuska da fuska, in ka ja sai fuskar wani ta biyo bayan wani. Abin da ya ba ni mamaki, masu baƙi da fari, waɗanda suka fi tsufa, su ne suka tsaya tas. Masu kala na shekarun 1980 duk sun koɗe sun koma ja-ja, har ba ka rarrabe shuɗiyar shadda da koriya.

Tun da na gane rabin abin da ke gaban hoto aro ne, sai na koma juya bayansa. Nan ake samun gaskiya. Wani hatimin gidan hoto yana ɗauke da sunan Jihar Arewa ta Tsakiya, sunan da aka yi amfani da shi daga 1967 zuwa 1976, kafin a koma cewa Jihar Kaduna. A bayan wani an rubuta 2/6 da fensir, wato sule biyu da sisi, ka ga an ɗauke shi kafin naira ta shigo a Janairun 1973. Akwai wanda aka ɗauka a bakin titi, motocin da ke bayan Baba duk suna bin hannun hagu, shi kuwa bai wuce Afrilun 1972 ba, lokacin da aka sauya hannun tuƙi. Hoton Kawu a kan sabuwar Vespa bai buƙaci lissafi ba. Gwaggo na ganinsa ta ce, "Kuɗin Udoji ke nan." Ƙarin albashin da gwamnatin Gowon ta yi ne, aka haɗa wa ma'aikata bashin watanni aka ba su a dunƙule wajen farkon 1975, wasu suka sayi babur, wasu suka ƙara aure. Kawu, in ji Gwaggo, duka biyun ya yi.

Inda raina ya sosu shi ne wajen ƙirga mata. Maza sun cika adakar, a kan keke, a filin ƙwallo, a hawan daba da aka yi a Kaduna lokacin bikin al'adu na Festak a 1977. Kakarmu kuwa, wadda ta haifi tara ta riƙe gidan da sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, hotonta ɗaya ne tak, ɗan ƙaramin na fasfo da aka yi mata za ta Makka. Ta ɗaure fuska, mayafi ya rufe rabin goshi. Wanda bai san ta ba zai ce mafaɗaciya ce, alhali ita ce mai ba mu tatsuniya tana dariya har haƙorin Makkanta ya fito, shi ma haƙorin bai shiga hoton ba don sai da ta dawo aka sa shi.

Na ce, "Gwaggo, ku me ya hana ku ɗauka?"

Ta ce, "Ɗan nan, mu da muke cikin kulle wa zai kai mu gidan hoto? Kuma wane ƙato za a bari ya shigo cikin gida?"

Wasu hotunan kuma wuta ce ta ci su. Baffa ya dawo daga wa'azi wata rana a shekarun 1980, ya sauke duk na bangon ɗakinsa ya ƙone, har da guda ɗaya da kakanmu ke ciki yana saurayi. Maganar hukuncin hoto na bar wa malamai, su suka san fagensu. Amma da ya miƙa wa Gwaggo ta ajiye, da yau mun san kamanninsa kafin furfura.

Akwai kuma wani mutum cikin farar jallabiya da rawani, hatimin bayan hotonsa da Larabci. Gwaggo tana kyautata zaton ɗan yayan kakarmu ne, wanda ya tafi aikin hajji a ƙasa ta Chadi, guzuri ya ƙare a Sudan ya zauna noma, kamar yadda Hausawa da yawa suka yi. Sunansa ya kwanta mata. Shi ya sa yanzu in na je Zariya nake zaunar da ita in kunna waya tana bayani, ni kuma ina rubuta sunaye a bayan kowane hoto da fensir, don biro yana huda takarda ya ɓata fuska. Sharaɗinta ɗaya, kada ta ji an watsa nata a WhatsApp na dangi.

Hoto guda ne ta ƙi cewa komai a kansa. Baba ne zaune, an bi gefensa da reza an yanke wanda ke tsaye, sai hannu kawai ya rage a kafaɗarsa, da lalle da awarwaro biyu. Gwaggo ta ce, "Bar wannan, ɗan nan." Na kai wa Inna, ta duba ta ce ita ma haka ta tarar da shi, sannan ta miƙe wai bari ta duba tukunya. Ranar kuwa azumi muke, ko wuta ba a hura ba tukuna.