Abin da muke jira daga Civilization VII kafin fitowarsa, da tambayar da Sarauniya Amina ta zo da ita

Ranar 11 ga watan Fabrairu na 2025 ce kamfanin Firaxis da ke Amurka ya tsayar domin fitar da Civilization VII, kashi na bakwai na wasan kwamfutar nan da Sid Meier ya soma fitarwa a 1991, kuma tun da aka nuna yadda wasan zai kasance a watan Agustan 2024, mu ƴan tsirarun da ke buga shi a Maraɗi ba mu da wata hira a fada, wato majalisarmu ta matasa, da ta wuce wannan. Na yi wannan rubutu ne kafin wasan ya fito, saboda haka abin da muke jira a lokacin ne a cikinsa. Ga wanda bai taɓa gani ba, wasa ne na dabarun mulki da ake bugawa bi da bi: mutum ya karɓi ragamar wata al'umma tun tana da ƙauye ɗaya, ya kafa birane, ya nemi ilimi, ya yi fatauci, ya ƙulla zumunci ko ya ja daga, sa'annan idan ya gama abin da zai yi a zagayensa sai ya danna maɓalli, sauran sarakuna su yi nasu.

Wannan bi da bi ɗin shi ne sirrin da ya sa wasan ya karɓe mu. Wasannin harbe-harbe da na ƙwallo da ake bugawa ta intanet suna buƙatar layi mai ƙarfi da saurin hannu, kuma duk wanda ya gwada su a nan ya san yadda ake kashe mutum tun hotonsa bai gama motsi ba. Shi kuwa wasan bi da bi yana jiran mai shi. Idan aka ɗauke wuta kwamfuta ta koma kan batir, sai a adana wasa a rufe; idan aka kira salla, a tashi a dawo a tarar da rundunoni inda aka bar su. Wanda ya taɓa tsugunawa kusa da dattawa masu dara ba zai ga baƙon abu ba a nan. Gurabe talatin ne a cikin rairayi, wannan da karare goma sha biyu, wancan da tsakuwoyi goma sha biyu, amma sai ka ga tsoho ya riƙe kara a sama ya daɗe bai sauke ba, domin ya san duk inda ya ajiye shi akwai abin da ya samu, akwai kuma abin da ya bari. Babban abin da nake nema a wurin sabon wasan ke nan, wato kowane zagaye ya kasance yana ɗauke da shawarar da za ta sa mutum ya tsaya ya yi tunani.

A nan ne Civilization VI, wanda ya fito a 2016, ya gaza, duk da irin son da nake yi masa. Farkonsa yana da daɗi matuƙa, lokacin da taswira ke rufe, kana tura ɗan leƙen asiri yana buɗe maka ƙasa kaɗan-kaɗan, kana auna ko ka kafa birni na biyu a bakin kogi ko kusa da ma'adinin ƙarfe. Amma da zarar an kai zamanin masana'antu kana da birane ashirin, sai wasan ya koma aikin ofis. Kowane birni na tambayar abin da zai gina, kowane magini na jiran umarni, alhali kai ka riga ka san ka yi nasara tuntuni, abin da ya rage kawai danne-danne ne. A tsohuwar kwamfuta kuwa, musamman da bazara, za ka ji fankarta na kuka, jikinta ya yi zafi har ka ɗora ta kan faranti domin iska ta shiga ƙarƙashi, kana zaune kana kallon allo ana lissafin zagayen abokan hamayya. Masu yin wasan da kansu sun amsa cewa ɗimbin mutane ba sa kai wasa ƙarshe, sai su watsar su soma sabo.

Maganin da suka kawo shi ne raba wasan zuwa zamani uku: na da can, na bincike da ketare teku, da na yanzu. Kowane zamani yana da abin da ake nema a cikinsa, na farko da na biyu kuma suna ƙarewa da wata fitina da za ta girgiza dukkan dauloli, sa'annan a shiga na gaba an rage tazarar da ke tsakanin na gaba da na baya. Sun kuma cire magina gaba ɗaya, sun bambanta ƙananan garuruwa da manyan birane ta yadda ba kowane matsuguni ne zai riƙa neman umarni ba, sun kawo kwamandoji masu tattara sojoji wuri guda su yi tafiya tare, kuma a karon farko jiragen ruwa za su iya bin manyan koguna. Duk wannan na yi maraba da shi, kuma ban ga mai ja da shi ba a cikinmu.

Inda gardama ta yi zafi shi ne batun sauya al'umma. A tsarin da aka sanar kafin fitowar wasan a 2025, shugaban da ka zaɓa yana nan tare da kai har ƙarshe, amma al'ummar da kake jagoranta tana sauyawa a ƙarshen kowane zamani. Ed Beach, wanda ke jagorantar tsara wasan, ya kawo misalin birnin Landan, wanda Rumawa suka kafa, Normawa suka mulka, daga baya ya zama cibiyar Birtaniya, yana nuna cewa tarihi hawa-hawa ake gina shi. Wasu daga cikin abokaina sun ƙi wannan ƙememe, suna cewa ran wasan tun 1991 shi ne ka ɗauki al'umma ɗaya ka ga ko za ta jure wa zamani. Suna kuma da hujja a hannu, domin wasan Humankind da kamfanin Amplitude na Faransa ya fitar a 2021 ya gwada irin wannan sauyi, kuma abin da ya biyo baya shi ne mutum kan rasa gane maƙwabcinsa, wanda kuke yaƙi da shi jiya da wani suna yau ya wayi gari da wani.

Ni dai ban tsorata da ainihin tunanin ba, kuma dalilina yana cikin garin nan da muke zaune. Bayan da Birnin Katsina ya koma hannun mayaƙan jihadi a 1807, zuriyar tsofaffin sarakunan Katsina suka fito, suka yi ta fama har Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi wajen 1819. Gari ya sauya, ƙasa ta sauya, maƙwabta suka sauya, amma sarautar ta ci gaba da amsa sunan Sarkin Katsina, aka riƙe Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durbi, aka riƙe Iya. Gobirawa ma haka suka yi a Tsibiri. Daga baya Turawan Faransa suka zo, iyaka ta ratsa tsakaninmu da Katsina, ambaliyar 1945 ta cinye tsohon gari da ke bakin gulbi aka hau tudu aka yanka sabbin unguwanni, aka sami ƴancin kai a 1960, kuma har yau fada tana nan da tamburanta. Saboda haka Bamaraɗe ba ya buƙatar a je Landan kafin ya yarda cewa daula tana rushewa wata ta tashi a kanta. Sai dai tarihin namu ya nuna sharaɗin da ke ciki, wato dole a sami igiyar da ta ɗaure jiya da yau, ko ta harshe, ko ta sarauta, ko ta hanyoyin fatauci. Idan wasan ya sa na ga tsofaffin gine-ginena da al'adun da na kafa suna aiki a sabon zamani, zan ce sun yi daidai. Idan kuwa suna da tuta kawai aka musanya, to masu ƙin abin ne za su yi gaskiya.

Wannan ya kawo ni ga Amina. A cikin shugabannin da aka sanar akwai Sarauniya Amina ta Zazzau, wadda aka ba wa sojojinta ƙarin ƙarfi a fili da hamada, aka kuma ba ta riba a kan albarkatun da ke shiga biranenta. Ba ƙaramin farin ciki na yi ba, domin shekaru da yawa Afirka ta Yamma ba ta wuce Mali da Songhai ba a wannan wasa: Mansa Musa a kashi na huɗu a 2005, Askiya a na biyar a 2010, sai Mansa Musa kuma a ƙarin da aka yi wa na shida a 2019. Yanzu ga Bahaushiya a sahun shugabannin duniya, wadda tsohon tarihin Kano ya ambaci yaƙe-yaƙenta har Nupe da Kwararrafa, wadda kuma har gobe ake jingina mata ganuwoyi a ƙasar Hausa. Wani ƙanena da ke zaune a unguwar Zariya ya ce mini, "Yaya, ni ko da Amina kaɗai aka sa a wasan nan, sai na buga shi."

Amma sarauniya ta zo babu mutanenta. Babu al'ummar Hausa a cikin waɗanda wasan zai fito da su, saboda haka hanyar da ta fi kusa da ita ita ce ta fara da Aksum, daular da ke arewacin Habasha, ta koma Songhai, ta ƙare a Buganda ta ƙasar Uganda. Duk wanda ya ɗauki taswira zai ga tafiyar dubban kilomitoci ce tsakanin waɗannan wurare, kuma babu abin da ya haɗa su sai kasancewarsu a nahiya ɗaya. Songhai kanta maƙwabciya ce ga ƙasar Hausa, akwai ma ruwayar da ke cewa Askiya Muhammadu ya kawo yaƙi Katsina da Kano da Zazzau, kuma Kanta na Kabi da juya wa Songhai baya ya yi suna. Ɗora Amina a kan Songhai ya fi babu, amma igiyar da na ambata ba ta ɗauru ba a nan, alhali Indiya da Sin kowacce an ba ta dauloli uku nata na kanta, ɗaya ga kowane zamani.

Abu na gaba da muke sa ido a kai shi ne hankalin abokan hamayyar da kwamfuta ke sarrafawa. Tun da aka hana tara sojoji da yawa a gurbi ɗaya a 2010, kwamfuta ba ta ƙware wajen jera runduna ba. Tana tura maharba gaba ta bar masu garkuwa a baya, tana kawo hari birni mai ganuwa ba tare da kayan fasa ta ba. Idan ka ƙara wahalar wasa, ba wayo ake ƙara mata ba, dukiya da sojoji ake ba ta kyauta tun daga farko. Fatana shi ne kwamandojin nan su sauƙaƙa mata tafiyar da yaƙi, kuma sarkin da na yi shekaru ina fatauci da shi kada ya wayi gari ya la'ance ni babu dalilin da zan iya ganewa.

Sai maganar aljihu, wadda masu sharhi na ƙasashen waje ba su cika tsayawa a kanta ba. Kuɗin da aka sanya wa wasan na asali a 2025 dalar Amurka 69.99 ne, wato sama da jika 40 na sefa a canjin lokacin, kuma masu sayen manyan kunshi na dala 99.99 da 129.99 an ba su damar soma bugawa tun ranar 6 ga Fabrairun 2025. Mun kuma san al'adar wannan wasa: na biyar bai cika ba sai da ƙarin da aka yi masa a 2012 da 2013, na shida kuma sai da na 2018 da 2019, kowanne da kuɗinsa. Ba na ƙin a biya mutane ladan aikinsu, amma ina so abin da aka saya ranar farko ya zama cikakken wasa. Bayan kuɗin saye akwai kuɗin data na sauke shi da na gyare-gyaren da za su biyo baya, akwai kuma damuwar manhajar tsaro da ke neman a tabbatar da wasa ta intanet lokaci-lokaci, abin da ke cutar da wanda ya saya da halalinsa a inda layi ke yankewa.

Akwai wani ɗan tsari da nake roƙon kada a yi wasa da shi, wato wanda ke bai wa mutane da yawa damar bugawa a kwamfuta ɗaya, kowa ya yi zagayensa ya miƙa wa na kusa da shi. A fadarmu haka muke yi, kwamfuta ɗaya na yawo a kan tabarma daga hannu zuwa hannu, mai zagaye ya juya allo gefe kada a ga inda ya ɓoye dawakinsa, sauran suna shan shayi suna ƙulla yarjejeniya da baki. A inda ba kowa ke da kwamfuta mai ƙarfi ba, wannan tsari shi ne hanyar da yawancin matasa suka fara sanin wasan.

Haka nan ina fatan a saki kayan aikin da ke bai wa masu wasa damar ƙirƙirar nasu al'ummomi da wuri, kamar yadda aka yi a baya. Idan kamfanin bai kawo Hausawa ba, kayan ginin suna nan a hannunmu: birane masu ganuwa da ƙofofi, marina da majema, ayarin fatake masu zuwa Gwanja neman goro da masu bin hanyar Agadas, da barade masu lifidi. Wurinsu a zamani na biyu ne, daidai lokacin Amina, kuma mun riga mun soma rubuta abin da kowane gini da kowane mayaƙi zai yi a cikin wani littafin makaranta, kafin mu ga irin kayan aikin da za a ba mu.